Tallan sunƙuru da tallan da ke yaɗuwa a intanet: tambayoyi da amsoshi

Mene ne tallan sunƙuru, kuma me ya raba shi da tallan da aka saba gani?

Tallan da aka saba da shi yana da mazauninsa: allon bakin titi, shafin jarida, 'yan daƙiƙun da ke tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Kowa ya gan shi ya san talla ne, in ya ga dama ya kawar da kai. Tallan sunƙuru kuwa yana faɗo wa mutum ne a inda bai yi tsammani ba. Yana iya zama zane a kan daɓen titi, ko mutum-mutumin da aka wayi gari aka gani a dandali, ko gungun mutanen da za su ɓarke da rawa a tsakiyar tashar jirgin ƙasa, kamar yadda kamfanin T-Mobile ya shirya a tashar Liverpool Street ta Landan a watan Janairun 2009.

Wanda ya fito da wannan salo fili shi ne Ba'amurke Jay Conrad Levinson, a littafinsa Guerrilla Marketing na shekarar 1984. Ƙananan 'yan kasuwa ya rubuta wa, waɗanda ba su da kuɗin sayen fili a talabijin, yana nuna musu cewa dabara da lokaci da jajircewa za su iya cike giɓin da rashin kuɗi ya bari. Daga baya manyan kamfanoni suka karɓe salon, kuma a hannunsu ne aka fi samun abubuwan da suka tayar da ƙura.

Shi kuma tallan da ake cewa ya yaɗu kamar wutar daji, abu ɗaya ne da wannan?

Dangi ne, amma kowa da aikinsa. Na farko yana neman ya ba mutum mamaki a inda yake tsaye. Na biyu yana neman mutumin ya ɗauki saƙon da hannunsa ya kai wa wani. Misalin da ake yawan kawowa shi ne Hotmail, shafin aika wasiƙun imel, wanda ya fara aiki a 1996. A ƙasan duk wasiƙar da mai amfani da shi ya aika, akwai ɗan layi da ke gayyatar mai karɓa ya buɗe nasa akwatin kyauta. Cikin shekara ɗaya da rabi masu amfani da shi suka haura miliyan 8, kuma Microsoft ya saye shi a ƙarshen 1997.

Yau abubuwan biyu sun haɗe. Wanda ya shirya abin mamaki a titi ba mutane ɗari biyun da ke wurin yake hari ba, wayoyin da ke hannunsu yake hari. Wannan ya sauya matsayin mai wucewa. A da shi ake yi wa tallan, yanzu kuwa sau da yawa shi ne kayan aikin: firgitarsa ko dariyarsa ake ɗauka a nuna wa wasu miliyoyi.

Me ke sa mutum ya tura wa abokinsa talla ba tare da an biya shi ko sisi ba?

Ba don son kamfani yake yi ba. Yana turawa ne don abin ya taɓa shi, ko don yana so a san shi ya fara gani. Jonah Berger da Katherine Milkman na jami'ar Pennsylvania sun bi diddigin maƙaloli kusan 7,000 na jaridar New York Times, suka wallafa sakamakon a 2012. Sun gano cewa abin da ke zaburar da mutum, wato mamaki mai girma ko fushi ko fargaba, ya fi yawo a kan abin da ke sanyaya jiki kamar baƙin ciki.

A nan haɗarin yake. Mamaki mai girma yana da wuyar samarwa, yana kuma da tsada. Fushi da fargaba kuwa a ɓagas ake samun su. Ma'aikacin kamfanin talla da aka ce masa lallai sai abin ya yi tashe kafin ƙarshen wata, ba sai an faɗa maka wanne zai fi saurin ɗauka ba.

Ana iya zama a tsara abu a tabbatar zai yaɗu?

A'a, kuma duk wanda ya yi maka wannan alƙawari ka riƙe kuɗinka. Binciken da Sharad Goel da Duncan Watts da abokan aikinsu suka yi a kan yadda saƙonni ke tafiya a Twitter ya nuna cewa mafi yawan abin da aka wallafa a nan yake mutuwa, babu mai ɗaukarsa. Waɗanda suka yi nisa kuma, da yawansu wata babbar kafa ce ko wani mai tarin mabiya ya watsa su a karo ɗaya, ba daga hannu zuwa hannu suka bi ba.

Ko waɗanda ake yabo, akwai dukiya a bayansu. Ranar 14 ga Oktoban 2012 Felix Baumgartner ya diro daga tsayin kusan kilomita 39 a sararin samaniyar jihar New Mexico, ya wuce saurin sauti a faɗowarsa, mutane fiye da miliyan 8 suna kallo kai tsaye a YouTube. Kamfanin Red Bull ne ya ɗauki nauyi, bayan shekaru ana shiri da injiniyoyi da likitoci. Mutane sun ji daɗinsa domin abin gaske ne, an faɗi wanda ya shirya shi, kuma wanda ya sa ransa a haɗari ya san abin da ya shiga.

To me ya sa wasu ke ƙarewa da fushin jama'a, har da 'yan sanda?

Wanda aka fi tunawa shi ne na birnin Boston, ranar 31 ga Janairun 2007. Tashar Cartoon Network, mallakar kamfanin Turner, tana son tallata wani shirin zane mai motsi, sai aka ba kamfanin talla na Interference kwangila. Suka sa aka maƙala ƙananan alluna masu fitilu da batura da wayoyin lantarki a jikin gadoji da gine-gine a birane goma na Amurka. A sauran biranen ba a yi wata hayaniya ba. A Boston kuwa wani ya hango ɗaya a ƙarƙashin babbar hanya kusa da tashar jirgin ƙasa, aka kira masu kwance bam. Aka rufe hanyoyi da gadoji, aka tsayar da jiragen ƙasa a wasu layuka, aka kama matasa biyun da suka maƙala allunan. A ƙarshe Turner da Interference suka amince su biya dala miliyan 2, shugaban Cartoon Network, Jim Samples, ya ajiye aiki.

Ra'ayin jama'a ya rabu biyu a lokacin. Matasan da suka san shirin sun yi ta yi wa hukumomi dariya, suna cewa yaya za a ce fitilar wasa ta tsayar da birni. Hukumomi da mazauna da yawa kuma suka fusata. Ina ganin masu dariyar sun manta da abu ɗaya. Biyu daga cikin jiragen da aka kai harin 11 ga Satumban 2001 da su, daga filin jirgin saman Boston suka tashi. Ɗan sandan da aka kira ya duba abu mai waya da batur a ƙarƙashin gada ba shi da damar cewa wataƙila wasa ne. Waɗanda suka tsara tallan sun kalli abin da idon wanda ya riga ya san sirrin, ba su tsaya sun kalle shi da idon wanda bai sani ba, alhali shi ɗin ne zai fara cin karo da shi.

Kuma ba a ce ba a yi musu gargaɗi ba. Shekara guda kafin nan, a 2006, an sa wasu na'urorin kiɗa masu wayoyi a cikin akwatunan sayar da jaridar Los Angeles Times don tallata wani fim, har masu kwance bam suka tarwatsa ɗaya daga cikin akwatunan.

Abin da ke ƙona ran mutane a irin wannan shi ne lissafin. Kamfani ya ce ya yi talla mai araha, amma arahar ta samu ne domin wasu sun biya: wanda ya makara zuwa aiki, mara lafiyar da motarsa ta maƙale a cunkoso, ma'aikacin shara da zai kankare fenti. A 2001 kamfanin IBM ya fesa tambarin tallan manhajar kwamfuta ta Linux a kan daɓen titunan San Francisco da Chicago, fentin ya ƙi fita da sauƙi, sai da aka ci shi tara.

An taɓa rasa rai ko jin rauni saboda irin wannan?

An taɓa. A Janairun 2007 wani gidan rediyo a Sacramento ta jihar California ya shirya gasar shan ruwa ba tare da zuwa bayan gida ba, wanda ya fi jimrewa ya samu na'urar wasa ta Nintendo Wii. Masu sauraro sun bugo waya ana tsaka da shirin suna gargaɗin cewa yawan ruwa yana kisa, masu gabatarwa ba su tsaya ba. Wata mata mai 'ya'ya uku ta rasu a ranar. A 2009 kotu ta ba iyalinta diyyar fiye da dala miliyan 16.

A Agustan 2013 kamfanin LG ya saki balan-balan a wani filin shaƙatawa a Seoul, kowace da takardar karɓar sabuwar waya kyauta. Mutane suka zo da bindigogin wasa da sanduna masu tsini don fasa su, aka yi turereniya, kusan mutum 20 suka ji rauni, kamfanin ya soke sauran tarukan.

Tun kafin zamanin intanet ma an gani. A Satumban 1986 ƙungiyar agaji ta United Way ta saki balan-balan kusan miliyan ɗaya da rabi a birnin Cleveland na Amurka. Iska da ruwan sama suka dawo da su ƙasa, suka rufe fuskar tafkin Erie a daidai lokacin da masu ceto ke neman wasu masunta biyu da suka ɓace. Daga sama ba a iya bambance kan mutum da balan-balan, kuma gawarwakinsu aka samu daga baya.

A dukkan ukun babu wanda ya yi nufin cutarwa. An yi tunanin hoton da za a ɗauka, ba a yi tunanin abin da taro ko jikin mutum ko yanayi zai yi ba.

Amma ba an ce ko zagi ne, in dai ana ambaton sunanka ka ci riba ba?

Maganar tana da ɗan gaskiya, amma ga wanda ba a sani ba. Berger da abokan aikinsa biyu sun duba yadda sharhin littattafai ke shafar ciniki, a wani bincike na 2010. Mummunan sharhi ya ƙara wa marubutan da ba a sani ba ciniki, domin aƙalla an ji sunansu, amma ya rage wa sanannu. Kamfanin da duniya ta riga ta sani ba ya buƙatar a ji sunansa. Abin da yake da shi na asara shi ne yarda.

A Afrilun 2017 Pepsi ya saki tallan da fitacciyar mai tallan kayan ƙawa Kendall Jenner ta shiga zanga-zanga ta miƙa wa ɗan sanda gwangwani, kowa ya yi murna. Ya zo a lokacin da baƙaƙen fata a Amurka ke zanga-zangar kisan da 'yan sanda ke yi musu. Bernice King, 'yar Martin Luther King, ta mayar da martani da hoton mahaifinta a hannun 'yan sanda. Kwana ɗaya bayan sakinsa aka janye tallan, aka nemi afuwa.

Na Volkswagen ya fi ba ni haushi. A ƙarshen Maris na 2021 reshensa na Amurka ya sanar cewa zai koma Voltswagen don nuna ya rungumi motocin lantarki. 'Yan jarida suka tuntuɓa, aka tabbatar musu da gaske ne, manyan kafafe suka buga. Daga baya aka ce wasan ɗaya ga Afrilu ne, ranar da ake zolayar mutane da ƙarya. Wannan kamfani ne da aka kama a 2015 yana maguɗin gwajin hayaƙin motocinsa. Wanda ke neman a sake yarda da shi, ya kalli ɗan jarida ya yi masa ƙarya da gangan, ya zubar da abin da ya fi buƙata.

Laifi ne a ɓoye cewa talla ne?

A ƙasashe da dama laifi ne. Dokar kare masu saye ta Birtaniya ta 2008 ta haramta wa ɗan kasuwa ya yi shigar mai saye yana yabon kayansa. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sabunta ƙa'idojinta a 2009, ta wajabta wa wanda aka biya ko aka ba kyauta ya bayyana hakan. A Oktoban 2022 tauraruwar talabijin ta Amurka Kim Kardashian ta amince ta biya hukuma dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kuɗin intanet a Instagram ba ta faɗi cewa an biya ta dala 250,000 ba.

Ko babu doka, ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2006 aka buɗe wani shafi da sunan wasu samari masu roƙon a saya musu na'urar wasa ta PSP ta kamfanin Sony. Cikin ɗan lokaci masu bin diddigi suka gano kamfanin talla ne ya yi rajistarsa, Sony ya fito ya amsa. A 2019 wani kamfanin talla ya sauya hotunan wuraren yawon buɗe ido a Wikipedia da hotunan mutane sanye da kayan The North Face, don su riƙa fitowa a saman binciken Google, har ya yi bidiyo yana alfahari. Masu aikin sa kai na shafin suka cire hotunan, gidauniyar Wikimedia mai kula da shafin ta yi tir, The North Face ya ba da haƙuri. Mutanen da suka ba da lokacinsu kyauta don gina abin amfanin kowa, an mayar da guminsu allon talla ba da saninsu ba.

Akwai bambanci tsakanin sirrin da ake warwarewa a yi dariya tare, da yaudarar da sai an kama mai yi. Tambayar da nake auna kowane irin wannan talla da ita ita ce: in mutum ya gano gaskiya, zai ji an ba shi wani abu ne, ko zai ji an yi amfani da shi?

In don alheri aka yi fa, kamar wayar da kai game da cuta?

Kyakkyawar manufa ba ta wanke kowace hanya. Dubi misalai biyu. A 2014 aka yi yayin zuba wa kai bokitin ruwan ƙanƙara don tara kuɗin binciken cutar ALS, mai kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka. Kowa ya yi sai ya ambaci wasu ya ƙalubalance su. Ƙungiyar ALS ta Amurka ta tara dala miliyan 115 cikin 'yan makonni. An soki abin da cewa wasu don a gan su kawai suka yi, kuma haka ne, amma ba a yaudari kowa ba, kowa da ƙafarsa ya shiga.

A Fabrairun 2024 kuma aka sanar a shafin 'yar fim ɗin Indiya Poonam Pandey cewa kansar bakin mahaifa ta kashe ta. Kafafe suka buga, mutane suka yi ta'aziyya. Washegari ta fito da ranta, ta ce don wayar da kai aka yi. An yi maganar cutar kam, amma waɗanda suka binne uwa ko 'yar uwa saboda ita sun ji an yi wasa da hawayensu, kamfanin tallan da ya shirya ya nemi gafara. Kuma duk ƙaryar mutuwa irin wannan tana rage wa sanarwar gaskiya ta gobe daraja.

Akwai na tsakiya. Mutum-mutumin yarinyar da kamfanin zuba jari na State Street ya kafa a gaban sanannen mutum-mutumin bijimi na unguwar Wall Street ta New York a Maris na 2017, don kiran a sa mata a hukumomin gudanarwar kamfanoni, ya samu karɓuwa ƙwarai. Watanni kaɗan bayan haka kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5 kan zargin biyan manyan ma'aikatansa mata da baƙaƙen fata ƙasa da takwarorinsu. Wanda ya ɗaga tuta a bainar jama'a ya gayyaci a leƙa cikin gidansa.

Mene ne tallan kwanton ɓauna a wasanni?

Shi ne kamfanin da bai biya kuɗin ɗaukar nauyin gasa ba ya kutsa ya ci moriyarta. A gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu an fitar da mata 36 masu rigunan ruwan lemo daga wasan Holan da Denmak, bisa zargin tallata kamfanin giya na Bavaria. Kamun da aka yi wa biyu daga cikinsu ya sa jama'a suka tausaya musu suka soki FIFA. A gasar Turai ta 2012 an ci ɗan wasan Denmak Nicklas Bendtner tarar yuro 100,000 don ya nuna sunan wani kamfanin caca a jikin gajeren wandonsa na ciki. A nan jama'a ba su cika fushi da mai tallan ba, domin rigimar tsakanin masu kuɗi ce, ba a taɓa mai kallo ba.

Bidiyon da nake gani na manyan abubuwa a titunan birane, gaskiya ne?

Da yawansu a kwamfuta aka ƙera su. A 2023 bidiyon jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan mai gashin ido, yana wucewa ana shafa masa kwalliyar Maybelline, ya zagaya duniya, haka ma na manyan jakunkunan Jacquemus masu gudu a titunan Faris. Babu ɗayansu da ya faru a zahiri. Hanya mai sauƙi ta ganewa: abin da ya faru a titi mai cunkoso, mutane da yawa za su ɗauke shi ta kusurwa daban-daban. In bidiyo ɗaya tak ke yawo, daga kusurwa ɗaya, kuma masu wucewa a cikinsa ba su ko waiwaya ba, to ka yi shakka.

Ina da ƙaramar sana'a, ina so in gwada. Me zan duba kafin in fara?

Fara da izini. Bango da titi da dandali duk suna da masu su, kuma neman izini ya fi biyan tara sauƙi. Sannan ka nuna shirin ga wanda bai san komai a kai ba, ka tambaye shi me zai zata in ya ci karo da shi da dare shi kaɗai. In amsarsa ta haɗa da bam, gobara, gawa, sata ko hatsari, ka bar shi, kome kyansa. In za ka raba kyauta, kada ka tara mutane a wuri ɗaya su yi rige-rige, ka yi ta hanyar rajista ko ƙuri'a. In za ka ɗauki fuskar mutum, ka tambaye shi kafin ka wallafa, in yaro ne ka tambayi iyayensa. Wanda ka biya ya yabi kayanka, ya faɗa a fili cewa an biya shi.

Ka kuma tabbata abin mamakin yana da alaƙa da abin da kake sayarwa, domin sau da yawa ana tuna wasan a manta mai shi. Kafin ranar, ka rubuta abin da za ka ƙirga bayan mako biyu: yawan waɗanda suka kira, waɗanda suka saya, waɗanda suka dawo. Ka ajiye mutum ɗaya da ke da ikon cewa a tsaya nan take in abu ya fara karkacewa, kuma lambar wayarsa ta kasance a hannun duk wanda ke wurin.